Zuwa Jáchymov, garin ma'adinin da ruwa ke narkarwa

Daga Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, zuwa Karlovy Vary tafiyar kusan kilomita 130 ce, awa biyu da 'yan kai a motar safa. Daga nan na sauya mota zuwa Jáchymov, kimanin kilomita 20, ta garin Ostrov. Da zarar an wuce Ostrov sai hanya ta fara hawa, tsaunuka su matso ta dama da hagu, har a shiga wani kwari siriri wanda garin ya miƙe a cikinsa kamar igiya. Mutanen wurin suna faɗin sunan kamar "Yahimof", Jamusawa kuma suka san shi da Joachimsthal. Iyakar Jamus tana nan sama kaɗan, kusa da Klínovec, dutse mafi tsawo a wannan jerin tsaunuka, mai mita 1,244.

Ma'adini guda ɗaya ne ya kai ni. A takardun shaidar samfura ana rubuta sunansa Schröckingerite, a baki kuwa shirokingarait. Albrecht Schrauf, masanin ma'adanai na Biyana, shi ya bayyana shi a 1873 daga samfurin da aka ciro a ramukan garin nan, ya raɗa masa sunan Julius Schröckinger von Neudenberg. Wurin da aka fara bayyana ma'adini yana da daraja ta daban a wannan fanni, domin da samfurin wurin ake gwada duk wani da aka samu daga baya. Jáchymov kuwa ya zarce sa'a: an ƙirga nau'in ma'adini fiye da 400 a jijiyoyinsa, gommai daga ciki nan aka fara saninsu.

Azurfa ce ta kafa garin a 1516. Kuɗin azurfar da aka riƙa bugawa a nan, Joachimsthaler, shi aka taƙaita ya koma taler, daga nan kalmar dala ta samo asali. Tsohon gidan buga kuɗin yana nan a saman gari kusa da coci, an mai da shi gidan tarihi, kuma nan na fara shiga. Georgius Agricola, ɗaya daga cikin magabatan ilimin ma'adanai, ya yi aikin likita a garin daga 1527. A zamaninsa, idan mahaƙa suka ga jijiyar azurfa ta ƙare ta koma wani baƙin dutse mai nauyi da ƙyallin kwalta, sai su zubar da shi a juji. Wannan baƙin dutse shi ne yuraninait. A 1789 masanin sinadarai Martin Heinrich Klaproth ya gano yuraniyam a irinsa, daga garin Johanngeorgenstadt da ke ɗaya ɓangaren tsaunukan. A tsakiyar ƙarni na 19 aka buɗe masana'antar launin gilashi da tangaran daga yuraniyam a garin nan, kuma daga tarkacen masana'antar ne Marie da Pierre Curie suka samu abin da suka tace radiyam, wanda suka sanar da gano shi a 1898.

Sai an fahimci yuraninait sannan a fahimci abin da na zo nema, don ɗaya daga ɗaya ya fito. Yuraninait ma'adini ne na asali: ruwan zafi ya ajiye shi a tsagogin dutse a can ƙasa, inda babu iskar oksijin, tare da azurfa da kobalt da nikel da bismat da asenik. Yuraniyam ɗin da ke cikinsa mai caji huɗu ne, kuma a wannan hali ruwa ba ya ɗaukarsa. Taurinsa 5 zuwa 6 a ma'aunin Mohs mai tafiya daga 1 zuwa 10, nauyinsa yakan haura giram 10 a kowane santimita kubik idan tsarkakakke ne, kuma ba ya haske a ƙarƙashin fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani wanda ke sa wasu ma'adanai su yi haske a duhu. Ranar da mahaƙa suka fasa jijiya, iska ta shiga, labari ya sauya. Oksijin yana mai da yuraniyam mai caji shida, ya haɗu da ƙwayoyin oksijin biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya zama abin da ake kira yuranil. Shi yuranil ruwa yana ɗaukarsa cikin sauƙi. Abin da zai zama daga baya ya dogara ga abin da ya tarar a cikin ruwan.

Idan fairait, ma'adinin ƙarfe da farar wuta, ya yi yawa a wurin, ruɓewarsa tana haifar da asid mai salfet, sai a samu ma'adanai irin su zifait da yuranofilait da yohanait. Idan kuwa jijiyar tana da dolomait ko kalsait da yawa, kamar yadda jijiyoyin yuraniyam na Jáchymov suke da jan dolomait, kabonet ɗin yana kashe kaifin asid, ruwan ya tsaya tsaka-tsaki ko ya ɗan karkata ga alkali. A nan yuranil yake kama kabonet uku su zagaye ƙugunsa. Daga wannan curi ake samun ma'adanan libigait da andasonait. Shirokingarait ya fi su tsada a sharaɗi: bayan kabonet, yana son salfet, yana son fulorin, yana son sodiyam da kalsiyam, duk a ruwa ɗaya, sannan yana son iskar da za ta busar da ruwan a hankali. Dalilin ƙarancinsa ke nan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai ba wuyar samu gare shi ba, haɗuwarsu a gwargwado ɗaya ita ce wuyar.

Tsarin sinadarinsa shi ne NaCa₃(UO₂)(CO₃)₃(SO₄)F·10H₂O. Idan aka yi lissafin nauyi, yuraniyam yana da kusan kashi 26.8 cikin 100, ruwa kuwa kashi 20. Ruwan nan ne ya sa ma'adinin da rubu'insa yuraniyam ne bai kai kwaz, ma'adinin da ya fi yawa a yashi, nauyi ba: giram 2.55 ne a santimita kubik, kwaz kuma 2.65. Wanda ya saba ɗaga yuraninait, idan aka miƙa masa wannan, hannunsa ba zai gaya masa komai ba.

Daga gidan tarihin na haura zuwa ramin Svornost, wanda hasumiyarsa ta ƙarfe ke leƙo garin. Tun farkon ƙarni na 16 ake aiki da shi, kuma har yau bai mutu ba. A 1864 mahaƙa suka huda maɓuɓɓuga a hawa na 12, zurfin kusan mita 500, ruwa ya cika ramin. Ruwan ɗumi ne mai radon, iskar radiyeshin da ke fitowa daga rikiɗewar yuraniyam, kuma shi ake turawa gidajen wankan jinya da aka fara a 1906. An daina haƙar yuraniyam a farkon shekarun 1960. Kafin nan, daga 1949, gwamnatin kwaminisanci ta cika kwarin da sansanonin aikin dole, dubban fursunonin siyasa suka haƙi dutsen da aka riƙa kai wa Tarayyar Sobiyet. Kusa da Svornost akwai ramin gefe mai lamba 1, wanda fursunonin suka haƙa a 1952, ana buɗe shi ga masu ziyara a watannin ɗumi. Na shiga da hular kwano da rigar sanyi. Ƙyauren ƙarfen da ake kulle su da shi yana nan. Duk wanda ya zo nan don ma'adanai, ya kamata ya san hannun da ya buɗe wasu daga ramukan da suka fito.

A cikin ramin na ga abin da littafi ke faɗa a kan bango. Inda ruwa ke ɗiga kullum, dutse a wanke yake, ba ya riƙe komai sai laka mai tsatsa. Inda ya bushe ƙaƙas, shi ma babu abin gani. Gishirin ma'adanai yana tsirowa ne a tsakani, a gefen da danshi ke tsattsafowa daga tsaga, iskar rami tana shan sa kafin ya gangara. Mai neman shirokingarait a kowane rami a duniya, wannan gefen zai duba, musamman kusa da jifsam, don sau da yawa tare suke fitowa. Tsofaffin ramukan da ba a buɗe wa jama'a ba kuwa, ba wurin kutsawa ba ne: radon yana taruwa inda iska ba ta gudu. Cutar huhun da ta riƙa kashe mahaƙan waɗannan tsaunuka, wadda likitoci suka tabbatar sankara ce a garin Schneeberg na Jamus a 1879, daga nan take.

Samfurin da na zauna da shi sosai, a wurin wani mai tara ma'adanai na gani, a cikin ƙaramin akwatin roba mai murfi. Dutsen bai fi kan babban yatsa ba, toka-toka, da wani ɓawo rawaya mai ratsin tsanwa a gefe ɗaya. Da ido kawai, sai ka ce gansakuka ce ta bushe. Da madubin hannu mai ninka girma sau 10 sai ɓawon ya watse ya zama 'yan faifai sirara masu kusurwa shida, kowanne bai kai milimita ba, sun jingina da juna sun yi curi-curi kamar furen da bai gama buɗewa ba. Fuskar kowane faifai tana da sheƙin lu'ulu'un kawa, gefensa kuma yana ƙyalli kamar gilashi. Da aka kashe wutar ɗaki aka haska fitila mai tsawon zango nanomita 365, ɓawon ya kama da kore mai rawaya, mai ƙarfin da har ya haska yatsun da ke riƙe da akwatin, dutsen da yake kai kuma ya ɓace a duhu. Da fitila mai 254 ma haka ya yi.

Kusurwa shidan nan yaudara ce. A ido kamar ɗan gidan heksagonal ne, amma awon X-ray ya nuna tiraikilinik ne, tsarin da ya fi kowanne ƙarancin daidaito, inda babu kusurwar da dole ta zama digiri 90. Kurt Mereiter ne ya warware ginin cikinsa a 1986: shimfiɗa-shimfiɗa ne, kowace tana ɗauke da curin yuranil da kabonet uku, da kalsiyam da sodiyam da salfet da fulorin da ƙwayoyin ruwa shida, sauran ruwa huɗun kuma suna zaune tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, suna riƙe su da ɗauri mai rauni. Daga wannan gini duk halayensa suka fito. Shi ya sa yake ɓarewa faifai-faifai ta fuska ɗaya tak, shi ya sa taurinsa 2.5 ne, daidai da farce, shi ya sa zafi ke korar ruwansa, kuma shi ya sa ruwa ke shiga tsakanin shimfiɗun ya narkar da shi.

A rabe-raben Strunz, wanda Hugo Strunz ya fara fitarwa a 1941 aka sabunta shi tare da Ernest Nickel a 2001, ana raba ma'adanai aji goma bisa babban sinadarin da ke ɗauke da cajin ragi. Ba a yi wa yuraniyam aji nasa ba, ma'adanansa sun warwatsu: yuraninait yana aji na 4 tare da oksaid, zifait da yohanait suna aji na 7 tare da salfet, otunait da tobanait suna aji na 8 tare da fosfet. Shirokingarait yana da kabonet da salfet duka, to ina za a kai shi? Kabonet uku ne, salfet ɗaya, kuma kabonet ɗin ne ke riƙe da yuranil kai tsaye, salfet a jikin kalsiyam yake. Saboda haka aka sa shi aji na 5, sashen E na kabonet masu yuranil. A cikin sashen ana jera su bisa yawan kabonet ga kowane yuranil: rutafodin mai ɗaya-da-ɗaya yana 5.EB, libigait da andasonait masu ɗaya-da-uku suna 5.ED, boglait yana 5.EE. Waɗanda suka haɗa da salfet ko siliket aka ware musu 5.EG, lambar shirokingarait kuma 5.EG.05. A ganina wannan rabo ya yi daidai, domin ya bi ginin ciki bai bi launi ba. Da launi za a bi, da rabin ma'adanan yuranil sun taru a aljihu ɗaya.

Tarihi ma ya nuna haɗarin bin kamanni da wuri. A 1937 aka bayyana wani ma'adini daga jihar Wyoming ta Amurka da sunan dakait, wanda ke fitowa curi-curi a cikin yumɓu mai jifsam dab da saman ƙasa a yankin Lost Creek. A 1939 Radim Nováček ya gwada shi da na Jáchymov ya nuna abu ɗaya ne, sunan dakait ya faɗi, na 1873 ya tsaya. Busasshen fili a Wyoming da rami mai sanyi a Bohemiya, yankin da Jáchymov yake, ba su yi kama ba, amma sharaɗin guda ne: ruwa mai waɗannan sinadarai, da iska mai busar da shi. Haka aka same shi a ramin Hillside na Arizona tare da andasonait.

Gane shi a aikace yana tafiya mataki-mataki, kuma fitila ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Otunait ma yana haske kore mai rawaya, haka andasonait da yuranofilait, libigait kuma nasa ya ɗan karkata ga shuɗi-shuɗi. Duka daga yuranil hasken yake fitowa, tsakanin nanomita 460 da 560 ga dangin kabonet. Abin da fitila ke iya yi shi ne cire masu tagulla, irin su tobanait da yohanait da boglait, don tagulla tana kashe hasken. Bayan fitila sai siffa: faifan otunait murabba'i ne, andasonait kamar ƙananan ɗigon sukari masu kama da kubik, yuranofilait allurai ne, libigait kuwa yawanci dunƙule yake, kore kamar ɗanyen tufa.

Daga nan sai gwajin ɗigo. Ana ɗauke faifai biyu ko uku da bakin allura, a ɗora a kan gilashi, nesa da samfurin. A ɗiga wa ɗaya ruwa mai tsabta: shirokingarait zai narke, otunait ba zai narke ba. A ɗiga wa na biyu asid ɗin haidirokilorik mai ƙarfin kashi 10: idan ya yi kumfa, kabonet ne, fosfet da salfet zalla sun fita. Idan kumfar ta lafa, a ƙara ɗigon bariyam kiloraid a kan wannan ruwan mai asid. Farin gari ya sauka, akwai salfet, libigait da andasonait sun fita. Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, zuba bariyam kafin asid: bariyam kabonet ma fari ne, zai sauka ya sa a zaci salfet ne alhali babu. Na biyu, ɗauko faifan tare da ɓarɓashin jifsam, wanda shi kansa kalsiyam salfet ne, sai libigait ya ci jarrabawar da ba tasa ba. Maganinsa a zaɓi faifan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da fitilar UV a kunne, a ɗauki abin da ke haske kawai.

Tabbaci na ƙarshe yana wurin X-ray. Tazarar shimfiɗun tana ba da layi a sakamakon awon kusa da angistirom 14.3 (angistirom goma ne nanomita ɗaya) da wani mai ƙarfi kusa da 7.2. Amma faifan suna son kwanciya a fuska ɗaya, sai waɗannan layuka su kumbura su danne sauran, kuma niƙa mai tsanani yana fitar da ruwan tsakiya ya matsar da layukan. A niƙa kaɗan, a hankali, ba da ruwa ba. Na'urar hasken elektiron ma tana da nata cikas: rashin iska a cikinta yana busar da samfurin ya tsattsage, sodiyam yana gudu daga inda hasken ya sauka sai awonsa ya fito ƙasa da gaskiya, kuma rufin kabon da ake yi wa samfur yana ɓoye kabon ɗin kabonet. Na'urar Raman ta fi sauƙi a kansa, don ba ta buƙatar a ɓata komai, kuma tana nuna yuranil da salfet da kabonet kowanne a layinsa, muddin an rage ƙarfin lesa don kada ta ƙona faifan.

Batun radiyeshin yana da wani abu da ke rikita masu awo. Giram ɗaya na shirokingarait, in da ya daɗe har duk zuriyar yuraniyam, wato sinadaran da yake rikiɗewa ya zama, ta cika a cikinsa, zai kai kusan bekerel 48,000, wato ƙwayoyin zarra 48,000 masu rikiɗewa a kowace daƙiƙa. Amma ɓawon da ya tsiro a bangon rami shekaru 50 ko 100 da suka wuce jariri ne. Ruwa ya kwaso yuraniyam ya bar radiyam a baya. Toriyam-234, mai rabin rai na kwana 24 (lokacin da rabinsa ke ɗauka ya rikiɗe), da furotaktiniyam-234m suna dawowa cikin 'yan watanni, amma toriyam-230 yana da rabin rai na kimanin shekara 75,000, radiyam-226 kuma 1,600, saboda haka ba za su taru ba a rayuwar kowa. Irin wannan ɓawo kusan bekerel 13,500 ne kawai a giram. Na'urar Gaiga ta awon radiyeshin mai faffaɗar taga tana jin radiyeshinsa nau'in bita sosai, mai auna nau'in gama kaɗai kuwa ba ta cika motsi ba. Idan ta motsa da ƙarfi, a duba dutsen da ke ƙasa, wataƙila akwai yuraninait a ciki. Ƙarancin radiyeshin gama kuma ba lasisin sakaci ba ne. Haɗarin wannan ma'adini yana cikin narkewarsa: abin da ruwa ke narkarwa, yawu da gumi ma suna narkarwa, kuma yuraniyam da ya shiga jini ƙoda yake nufa. Ba a lasarsa, ba a hura masa iska da baki, ba a ci ko sha a teburin, a sa safar hannu, a wanke hannu bayan an gama.

Mai tarin ya nuna mini wani dutse na biyu, wanda aka kawo masa bayan an wanke shi da burushi a ƙarƙashin famfo don a cire laka. Babu faifai ko ɗaya da ya rage. Da aka haska fitila, sai wani dishi-dishin kore ya bayyana a cikin tsagogi, inda ruwan ya bushe ya bar saura. Abin da ya ɗauki shekaru yana taruwa ya tafi a minti ɗaya, kuma ya tafi cikin magudanar ruwa. Ana share irin wannan samfur a bushe ne, da allura da ɗan famfon iska na roba, a kan takardar da za a naɗe a ajiye. Ba a manna shi da gam mai ruwa. Ana ajiye shi a rufaffen akwati, nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki, kuma ba a cusa masa sinadarin shan danshi, don bushewa mai yawa tana dusashe sheƙinsa ta mai da shi gari. Idan akwai yuraninait a jikin dutsen, radon zai taru a akwatin, mai rabin rai na kwana 3.8, saboda haka a ajiye shi a wuri mai iska, ba ɗakin kwana ba, a kuma buɗe murfin a waje. Takardar shaida ta ɗauki sunan rami da jijiya da hawa da shekarar da aka ciro shi, don ga ma'adinin da ke tsirowa bayan haƙa, shekarar tana cikin bayanan kimiyyarsa. Ketare iyaka da samfur mai radiyeshin kuwa yana ƙarƙashin dokar kowace ƙasa da ƙa'idar kamfanonin jiragen sama, sai an nemi izini tun kafin a ɗauka. Ni hotuna da awo kawai na ɗauko.

Washegari na bi hanyar ƙafa mai kimanin kilomita 8 da ta zagaya tsofaffin sansanoni da jujin ramuka a cikin dajin da ke saman gari. Tun 2019 yankin yana cikin wuraren tarihin duniya na UNESCO. A kan jujin, inda ruwan sama da ƙanƙara suka shekara 60 suna duka, mai haƙuri zai iya ganin jan dolomait da baƙin ɗigon yuraninait a jikinsa, na'ura tana ƙara idan an matso da ita. Shirokingarait kam babu shi a fili. Na duba ƙarƙashin manyan duwatsu, gefen da ruwa ba ya taɓawa, don nan ne kawai zai iya rayuwa a waje, ban samu ba. Da yamma na gangara bakin titi na hau motar Ostrov.